Ina ikon shugaban ƙasa ya fara, ina ya tsaya?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan Magariba gardama ta kaure a majalisarmu ta ƙofar gida, har aka kira Isha'i ba mu ƙare ba, shi ne na ce bari in kawo ta nan inda akwai masana. Iskar farkon damina ta yaye kwanon aji biyu a firamaren unguwarmu. Yanzu 'yan aji uku a gindin bedi suke karatu, an jingina allo da kututture, in hadari ya haɗo sai malami ya ce kowa ya ɗauki jakarsa. Kawuna, dattijo ne da ya haura saba'in, ya ce abin kunya ne: Jihar Katsina ta ba ƙasar nan shugaba har biyu, Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa daga 2007 zuwa 2010, da Baba Buhari daga 2015 zuwa 2023, Allah ya jiƙansu, amma a Daura yara suna zama a ƙasa. A wurinsa shugaban ƙasa kamar sarkin da ne, in ya ce a yi, an gama. Wani kuma ya ce wannan ba hurumin shugaban ƙasa ba ne sam. To ni dai ina son a fayyace mini. Me shugaban ƙasa yake da iko a kai, me kuma ya fi ƙarfinsa?

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, a gaida Kawu, amma kwanon aji ba aikin Abuja ba ne. Shekarata goma sha tara ina koyarwa. Firamare tana hannun ƙaramar hukuma da jiha. Abin da tarayya take yi, tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, shi ne ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarta don ilimin matakin farko, kuma jiha ba ta taɓa kuɗin sai ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta. In jiha ba ta kawo nata ba, kuɗin nan zai yi ta zama a can, shugaban ƙasa ba zai iya tsallake gwamna ya zo ya buga ƙusa ba.

Ɗan Kwangwalam: Malama, da girmamawa, ban yarda ba. Wa ya kawo Jami'ar Sufuri Daura? Wa ya kawo Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya? Wa ya sa layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya? Wanda ya iya kawo jami'a sukutum, kwanon aji biyu ne zai gagare shi?

Lauya: Ɗan Kwangwalam, tambayarka ita ce tushen maganar. Duk abin da ka lissafa na tarayya ne. Kundin tsarin mulkin 1999 ya raba aiki ne. Akwai jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu: soja, 'yan sanda, kuɗin ƙasa, shige da fice, kwastan, hulɗa da ƙasashen waje, ma'adinai. A waɗannan, shugaban ƙasa giwa ne. Sashe na 130 ya ba shi rawani uku a lokaci guda: shi ne shugaban ƙasa, shi ne shugaban zartarwa, shi ne Babban Kwamandan Askarawa. Sashe na 5 ya damƙa masa ikon zartarwa na tarayya gaba ɗaya.

Amma ku lura da abin da ba ya hannunsa. Fili ba ya hannunsa: dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen kowace jiha a hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar mallaka. Ko jami'ar da ka ambata, filin da aka gina ta a kai sai da ya bi ta hannun jiha. Naɗin sarki da cire shi ba ya hannunsa: ku tuna abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2020 da kuma Mayun 2024, gwamnoni da majalisar jiha ne suka yi, ba Abuja ba. Kasuwar ƙauye, ƙaramin asibitin unguwa, kwalbati, mayanka, duk na jiha da ƙaramar hukuma ne. Shi ya sa kuɗin asusun tarayya ake raba su uku: tarayya kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, kowace da kasonta duk wata. A ranar 11 ga Yulin 2024 ma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye.

Ɗan Kwangwalam: To Barista, na ji batun fili da sarauta. Amma ni abin da na gani da idona ya sa nake cewa ikon mutumin nan ba shi da iyaka. Sana'ata kai kaya Mai'aduwa da tsallaken iyaka, tun ina yaron mota. A watan Agustan 2019 aka wayi gari an rufe iyakoki. Ba a tambayi gwamna ba, ba a tambayi sarki ba, ba a tambaye mu ba. Ina da buhun dabino ashirin da biyu da na riga na biya kuɗinsu a can tsallake, suka zauna a ɗakin ajiya har ƙwari suka cinye rabi. Iyakar Jibiya sai a watan Afrilun 2022 aka buɗe ta. Ba mu gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙamewa har Maris na 2024. Ƙanwar mahaifiyata tana aure a Matamaye, ta yi rashin lafiya, sai ta hanyar daji muka je duba ta a kan babur. Mutum ɗaya ya sa hannu, dangi suka rabu. Wane sarki ne a da yake da irin wannan ikon?

Lauya: Allah ya mayar maka da alheri. Gaskiya ka faɗa, iyaka tana cikin inda yake da ƙarfi sosai. Amma ka tuna ɗaya rabin labarin 2023. Lokacin da ECOWAS ta ba sojojin Nijar wa'adi, Shugaba Tinubu shi ne shugabanta, ya rubuta wa Majalisar Dattawa. Ranar 5 ga Agusta majalisar ta zauna, ba ta goyi bayan yaƙi ba, ta ce a bi hanyar sulhu, kuma sanatocin Arewa ne suka fi ɗaga murya. Sashe na 5, ƙaramin sashe na 4, ya ce ba zai ƙaddamar da yaƙi da wata ƙasa ba sai majalisun biyu sun zauna tare sun amince, kuma ba zai tura soja fagen daga a wajen Najeriya ba sai da yardar Majalisar Dattawa. Da an yi wannan yaƙin, Kwangwalam da Jibiya ne bakin daga. Ya iya rufe maka hanya, amma harba bindiga sai da ya nemi izini.

Maman Iman: Ni kam ku bar ni da canjin kuɗi. Farkon 2023 ina da cikin wata takwas. Ina da kuɗi a asusu amma ba na iya sayen kayan miya, mai tumatir ya ce shi ba ya karɓar tiransifa. Maigida ya fita tun Asuba ya bi layin banki, ya dawo bayan La'asar da dubu biyar. Wurin masu POS kuwa sai ka ba da dubu ɗaya, wani lokaci fiye, kafin a ba ka dubu biyar ɗinka. Ranar nan na dafa wa yara garau-garau ba mai, na zauna a bakin murhu na yi kuka. Kuma ɗanmu ne a kan mulki, wanda muka tsaya a rana muka zaɓa. Ban taɓa jin haushin Baba ba irin lokacin, Allah ya gafarta masa.

Tsohon Kansila: Amin. Hajiya, wannan misalin naki shi ya fi kowane nuna inda birki yake. Gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, dukkansu 'yan jam'iyyar shugaban ƙasa, daga baya wasu jihohi suka shiga. Ranar 16 ga Fabrairu shugaban ƙasa ya yi jawabi ya ce tsohuwar ɗari biyu kaɗai za ta ci gaba da aiki. Ranar 3 ga Maris kotu ta ce a'a, tsofaffin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu duk su ci gaba har ƙarshen Disamba. Daga ƙarshe maganar kotu aka bi.

Maman Iman: An bi, amma bayan kwana nawa, Honarabul? Kotu ta yi magana, bankuna suka yi shiru kusan kwana goma suna jiran su ji daga sama. Mu da ke gida kwana goma ba wasa ba ne.

Tsohon Kansila: Haka ne, ban musa ba. Birkin yana nan, amma ba ya kamawa nan take.

Ɗalibin Shari'a: Iyayena da yayyena, a ba ni dama in sa baki. Ina ganin abin da ke rikita dattawanmu irin Kawu shi ne sun ga Buhari sau biyu. Na farko daga 31 ga Disambar 1983 zuwa 27 ga Agustan 1985, yana soja. Lokacin ba Majalisa, an jingine sassan tsarin mulki, majalisar ƙoli ta soja ce ke fitar da doka, kamar Doka ta 2 ta 1984 da ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba. Da ya dawo a 2015 mutane suka zaci wancan ne ya dawo. Sai ga shi ya aika sunan Ibrahim Magu a matsayin shugaban EFCC, Majalisar Dattawa ta ƙi tabbatar da shi a Disambar 2016, ya sake aikawa, ta sake ƙi a Maris na 2017. Ministoci ma sashe na 147 ya ce sai majalisar ta tantance, kuma dole kowace jiha ta samu aƙalla ɗaya. A 2015 sai 11 ga Nuwamba aka rantsar da ministoci, kusan wata shida bayan hawa mulki. Yanzu an gyara kundin, a 2023, an ce cikin kwana 60 ya miƙa sunaye. A 2023 ɗin ma Malam Nasir El-Rufa'i yana cikin jerin Tinubu, majalisa ba ta tabbatar da shi ba.

Ɗan Kwangwalam: Amma Magun ai ya ci gaba da zama a kujerar har 2020.

Ɗalibin Shari'a: Ya ci gaba a matsayin muƙaddashi, haka ne Yaya. Nan ma ka kama ni.

Lauya: Kuma kada a wuce wannan da sauri, don a nan ciwon yake. Abin da ke takarda daban, abin da ke faruwa daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta danganta da irin mutanen da ke zaune a Majalisa da kotu. Bari in ba ku misalai, ku auna da kanku.

Doka: in Majalisa ta zartar da ƙudiri, shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu bisa uku na kowane zaure za su iya mayar da shi doka ba da hannunsa ba, sashe na 58 ke nan. An yi haka a 2000, lokacin Obasanjo, a kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta. Amma dokar zaɓe fa? Buhari ya ƙi sa hannu a Disambar 2018, ya sake ƙi a Disambar 2021, sai 25 ga Fabrairun 2022 ya sa, bayan an gyara masa inda yake so. Majalisa tana da ikon tsallake shi, ba ta yi ba.

Tsigewa: sashe na 143 ya shimfiɗa hanya, amma doguwa ce. Kashi ɗaya bisa uku na 'yan Majalisa su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu bisa uku na kowane zaure su yarda a bincika, Alƙalin Alƙalai ya naɗa kwamitin mutum bakwai, su kawo rahoto cikin wata uku, sannan a sake neman biyu bisa uku. Sanatoci 109 ne, 'yan Majalisar Wakilai 360. A 2002 Majalisar Wakilai ƙarƙashin marigayi Ghali Umar Na'abba ta ba Obasanjo wa'adin mako biyu ya sauka ko a tsige shi, daga baya aka sasanta. Har yau ba a taɓa tsige shugaban ƙasa a Najeriya ba. Yana kan mulki kuma ba a gurfanar da shi, sashe na 308 ya sa masa rigar kariya.

Amma tazarce fa? Ranar 16 ga Mayun 2006 Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da gyaran kundin da zai ba Obasanjo zango na uku. Kakakin Majalisar Wakilai a lokacin ɗan jihar nan ne, Aminu Bello Masari. Shugaba mai ƙarfin Obasanjo, da jam'iyyarsa ke da rinjaye, aka ce masa shekara huɗu sau biyu, ba ƙari. Da ba a yi haka ba, da Malam Umaru bai hau a 2007 ba.

Tsohon Kansila: Tunda an ambaci Malam Umaru, Allah ya haskaka kabarinsa, ni abu biyu nasa ba na mantawa. Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas tun 2004 saboda sababbin ƙananan hukumomin da jihar ta ƙirƙira. Kotun Ƙoli ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma ba a saki duka ba. Malam Umaru yana hawa a 2007 ya ce a sake su, alhali Legas tana hannun 'yan adawa. Hukunci ɗaya, kundi ɗaya, mutum biyu.

Na biyun kuma darasi ne mai ɗaci. Ya tafi jinya Jidda ranar 23 ga Nuwambar 2009 ba tare da an aika wa Majalisa takardar miƙa mulki ba. Ƙasa ta yi sama da wata biyu ba a san wa ke riƙe da ita ba, har 9 ga Fabrairun 2010 da Majalisa ta ce larura ta sa Jonathan ya zama muƙaddashi. Ya rasu 5 ga Mayu, ina cikin waɗanda suka raka shi maƙabartar Ɗanmarna. Bayan nan aka gyara sashe na 145: in shugaba ya yi kwana 21 bai aika takarda ba, Majalisa za ta ba mataimaki riƙo. Shi ya sa a 2017 da Buhari zai tafi Landan jinya ya rubuta, Osinbajo ya riƙe.

Direban Batsari: Duk na karanta, kuma na ƙaru. Amma ku a Daura kuna da sauƙi. Mu nan yamma, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, tambayarmu ɗaya ce: tsaro na wa? Ranar 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, sama da ɗari uku, shugaban ƙasa yana Daura a ranar. Ɗan maƙwabcina yana cikinsu. Kwana shida uwarsa ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa, tana zaune a ƙofar makaranta da hijabinta ɗaya. Gwamna ya ce shi ba ya ba soja umarni, Abuja ta ce akwai aikin jiha a ciki. Mu wa za mu kama?

Lauya: Malam Direba, a nan ba zan kare kowa ba. Tsaro a kan shugaban ƙasa yake, kai tsaye. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a duk ƙasa, ba a yarda a kafa wata ba. Shi ke naɗa Sufeto Janar da hafsoshin soja. Gwamna yana iya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, amma sashe na 215 ya ba kwamishinan damar cewa sai an kai maganar ga shugaban ƙasa tukuna. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 ma, irin makamin da za ta riƙe dokar tarayya ce ke iyakance shi, manyan bindigogi sai da lasisin shugaban ƙasa. Kuma sashe na 14 ya faɗa ƙarara cewa tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Abin da ke ba ni takaici shi ne mun juya lamarin: muna binsa bashin kwanon aji da rijiyar burtsatse, waɗanda ba nasa ba, mun kuma yi masa uzuri a kan jinin mutane, wanda yake nasa.

Direban Batsari: Wallahi Barista ka taɓa mini inda ke ciwo. Nagode.

Ɗalibin Shari'a: Barista, dokar ta-ɓaci fa? Mun yi gardama a aji. Obasanjo ya dakatar da Gwamna Dariye a Filato a 2004, a Ekiti ma ya naɗa kantoma a 2006. Jonathan ya sa dokar a Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013, bai taɓa gwamna ko ɗaya ba. Tinubu kuma ya dakatar da Gwamna Fubara a Ribas ranar 18 ga Maris na 2025, wata shida.

Lauya: Ka buɗe sashe na 305 ka karanta da kanka. Ya ba shi ikon ayyana dokar, ya ce sai biyu bisa uku na kowane zaure sun amince, ya sa mata wa'adin wata shida. Kalmar dakatar da gwamna ba ta cikinsa. Masu goyon baya suna cewa ikon ɗaukar matakin gaggawa ya haɗa da hakan. Ni ra'ayina hanyar Jonathan ta fi kusa da abin da aka rubuta, kuma ban ji daɗin yadda aka amince da ta Ribas da murya kawai ba, a ce "masu goyon baya su ce e", alhali kundi lissafin kawuna ya nema.

Ɗan Kwangwalam: To ni dai har yanzu ina kan bakana a rabi. Ranar 29 ga Mayun 2023 jimla ɗaya aka faɗa a Dandalin Eagle cewa tallafin mai ya tafi, kafin mako ya zagayo litar da muke saya ƙasa da ɗari biyu ta haura ɗari biyar. Ba wanda ya tsayar da wannan.

Tsohon Kansila: Ba wanda ya tsayar, don kasafin da aka gada bai ware kuɗin tallafi bayan watan Yuni ba, kuma 'yan Majalisar da muka tura ne suka amince da shi. Ka san sunan ɗan Majalisar Wakilanka, amma ka taɓa tambayarsa yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan wani abu?

Ɗan Kwangwalam: Ban taɓa ba, Honarabul. In ya zo gida batun taki da babur ake yi masa.

Malamar Firamare: Baban Khalifa, mu koma kan yaran da ke gindin bedi, don damina ba ta jira. An rubuta wa wani a kan kwanon nan?

Baban Khalifa: Malama, yanzu na kira hedimasta. Ya ce ya faɗa da baki, amma kwamitin iyaye da na kula da makaranta ba su zauna ba tun kafin azumi, ba a rubuta komai ba.

Malamar Firamare: To ku zauna ranar Asabar. Ku ɗauki hoton azuzuwan, ku rubuta adadin yaran da abin ya shafa, mai unguwa da shugaban kwamiti su sa hannu. Kwafi ɗaya ga sakataren ilimi, ɗaya ga kansilanku, ɗaya ga ɗan majalisar jiha. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a naku kwafin.

Tsohon Kansila: In kun rubuta ku turo mini in duba kafin ku kai. Litinin da safe ina gari, zan raka ku.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri. Zan karanta wa Kawu duk abin da aka rubuta yau bayan Magariba, kuma zan roƙe shi ya zo zaman Asabar ɗin, don in ya yi magana a unguwar nan ana ji.